Ɗorawar Inna da Iyakar Baba

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Ɗalhatu, wanda mutanen Ƙofar Kuyambana suka fi sani da Malamin Daji. Ko bayan ya ajiye aiki, ko bayan ƙafa ta hana shi zuwa ko'ina sai masallacin ƙofar gida, sunan bai sake shi ba. Har yau idan mai kawo mini ruwa zai yi wa wani kwatance, gidan Malamin Daji yake cewa, alhali bai taɓa ganin mai sunan ba, ni kaɗai ya tarar a ciki. Kowace shekara idan wannan wata ya kama, nakan soya waina in aika masallaci, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana kam shirun ya gagare ni, domin an kawo mini wata magana har tsakar gida, kuma tun da aka kawo ta Baba bai fita raina ba.

Maganar ta itace ce. Ɗorawa guda ɗaya, a can garinsu mahaifiyata, kudu da birni, tafiyar wuni a ƙasa a zamanin da. Ta Inna ce, da ta rasu ta zama tawa, ko da yake ban taɓa ganin ta da idona ba. Ɗan kawuna, Malam Idi, shi ya zo neman in ba shi baki ya sare ta. Na ce ya ɗan ba ni kwana biyu in yi tunani. Ya koma masaukinsa a Gyallesu, ni kuma na zauna a gidan nan da ba kowa sai ni da kaji, ina juya abin. Mijina ya riga mu gidan gaskiya, yara kowa na garin da abincinsa yake, 'yan'uwana da muka fito ciki ɗaya duk na raka su. Ba wanda zan ce wa, kai, me ka gani?

Wanda ya tashi a birni ba lalle ya san wannan ba, don haka bari in faɗa. A garinsu Inna gona daban take, itacen da ke cikinta daban. Mutum na iya noma gonarsa ta gado, ga ɗorawa tsaye a tsakiyarta, amma ko 'ya ɗaya ba zai tsinka ba, don ta wata tsohuwa ce a ƙarshen gari. A gidansu Inna kuwa ɗorawa ta mata ce. Uwa ke kama hannun 'yarta ta kai ta gindin itace ta ce wannan taki ce, kuma duk inda aure ya kai yarinyar, itacen yana nan da sunanta. Idan bazara ta yi, 'ya'ya suka nuna, sai ta zo gida ta ɗauki gora mai ƙugiya ta sauke abinta: garin a yi kunu, kalwa a yi daddawa, ɓawon a yi makuba ta daɓen ɗaki. Kakata ta ba Inna guda uku. Biyu sunansu ya ɓace mini. Ta ukun ita ce Gurguwa, wai tun tana ƙarama iska ta kwantar da ita ta tashi a karkace, kuma ta fi 'yan'uwanta zaƙi. Ita ce ta rage yanzu, ita Malam Idi ke magana.

Sai ga Turawa da maganar gandun daji. Yadda Inna ta ba ni labari, tana yarinya aka wayi gari Baturen daji ya sauka da mutanen En'e da leburori, suna bin bayan gari suna share layi, suna tara duwatsu tsibi-tsibi. Abin da ya faɗa cikin layi, har da ɗorawar su Inna, ya zama na hukuma: ba noma, ba sara, ba sa wuta, ba farauta. Ba a ce Baturen bai yi tambaya ba, ya yi. Ya zauna a ƙofar dagaci ya ce ina masu gona a wurin nan. Wurin kuwa saura ne, an bar shi ya huta, ciyawa da ƙirare sun rufe shi, shi kuma daji kawai ya gani. Maza suka yi ta bayani cewa hutu ƙasar take yi, za a dawo mata, ya ce wurin da ba shuka ba gona ba ne. Maganar itatuwa ba wanda ya tayar sai can ƙarshe, don masu su suna cikin gida suna daka, ba a kira su ba. Da dagaci ya tuna ya ambata, sai Bature ya ce ai wannan mai sauƙi ne, mutanen garin suna iya shiga su tsinki 'ya'yan itace don cinsu. Aka shafa fatiha aka watse, kowa na ganin an yi wa mata adalci.

Baba ɗan birni ne, gidan malamai ya fito, ya ɗan taɓa elementare. Da aka ɗauke shi aikin daji, wannan gandun aka tura shi, da kaki da ɗamara da keke. Ranar da aka ba shi kakin ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai ɓoye wa hukuma abin da ya gani ba, kuma shi mutum ne da ko alkawarin goro ya yi maka sai ya cika. A bakin layi ya fara ganin Inna, da gora a kafaɗa. Da ya nemi aurenta, mutanen gari ba su ƙi ba, murna ma suka yi. Kowa ya ce to, malamin daji ya zama suruki, an samu sauƙi. Yayan Inna, Kawu Tanko, mahaifin Malam Idi ke nan, shi ne ma abokin hirarsa, shi ya shige masa gaba har aka ɗaura. Aka kawo amarya nan gidan, cikin ɗakin da nake kwana yanzu. Baba yana can bakin aiki, ƙarshen wata ya hawo keke ya zo.

Bazarar farko bayan biki, Inna ta shirya ta tafi gida sauke ɗorawarta, kamar yadda uwarta ta yi, kamar yadda kakarta ta yi. Ta sauke ta tara, ta ƙunshe a zani, tana shirin ɗauka, sai ga Baturen daji ya zo rangadi, Baba na biye da shi yana masa tafinta. Bature ya ce a tambayi matar nan ko 'yar garin ce. Baba bai tambaye ta ba, me zai tambaya? Ya ce matata ce, a nan aka haife ta, amma yanzu a birni take zaune. Bature ya ce to ai izinin na mazauna garin ne. Wanda ya tashi ya fita daga ciki, in ba haka ba gobe duk birni za su taho kowa ya ce nan aka haife shi. Ya ƙara da cewa matar ma'aikaci ita ta fi kamata ta kiyaye. Shi a ganinsa mutum ɗan inda yake kwana ne. Bai san a wurinmu mace tana da gidan aure tana da gidansu ba, kuma ba wanda ya tsaya ya fahimtar da shi.

Na ji labarin nan daga bakin su biyun, amma ban taɓa jin sa suna zaune tare ba. Inna takan ba da shi tana wankin kalwa, ba ta ɗaga kai. Ta ce, "Da hannunsa ya kwance mini ƙunshin, Uwani. Hannun da ya ba ni goron aure. Bai ko kalle ni ba, sai ka ce wata ya kama." Baba kuwa sai da ya tsufa ya taɓo mini shi, yana kishingiɗe a zaure. Ya ce, "Uwani, in ce 'yar garin ce in yi shiru, shi ke nan fa. Ba ma ƙarya ba ce tsantsa. Na ji maganar ta zo har bakina. Sai na tuna abin da na dafa." Na ce to Baba, ka yi nadama? Ya daɗe yana murza carbi. Ya ce, "Kawo mini buta."

Kawu Tanko bai iya haɗiye abin ba. Bayan 'yan kwanaki ya ɗauki gatari da rana tsaka ya shiga cikin layi, ya kama sharar sauran ubansu, yana yi yana ɗaga murya don a ji. Baba ya je ya roƙe shi ya fita, ya ƙi. Baba ya karɓe gatarin ya kai Kawu gaban alƙali, aka ɗaure shi. Da ya fito ya ce shi da gidansa ba su ba gidan Ɗalhatu, ko ruwan gidan ba za su sha ba. Su suka ci gaba da sauke ɗorawar Inna, tunda su mazauna ne, doka ta yarda musu. A al'ada sai a aiko wa mai itace kasonta, to amma wa zai kawo, kuma gidan wa? Inna takan je suna, ta je gaisuwar mutuwa, ta dawo hannu sake, har tafiyar ta yi ta raguwa ta tsaya. Mu yara ba a taɓa kai mu ba. Shi ya sa na kai shekarun nan ban san hanyar garin uwata ba.

A haka muka tashi. Inna sana'arta daddawa, duk unguwa wurinta ake saye, amma kalwar sai ta aika kasuwa an sayo mata. Idan aka kawo sai ta ɗebi 'yan ƙwayoyi ta jujjuya a tafin hannu, ta sa ɗaya a baki ta gatsa. Wani lokaci ta tofar ta ce wannan ta arewa ce, ba ta da mai. Wani lokaci kuma sai ta ce, "Wannan tawa ce. Ta Gurguwa ce. Ku ga ikon Allah, na sayi abina." Mu dai dariya muke yi, mu ce Inna ta yaya za ki gane a cikin kalwar duniya? Ta ce ku da ba ku da itace ba za ku sani ba. Ranar da ta faɗi haka, idan ta kai wa Baba tuwo, takan ajiye ta ce, "Malam, a ci a hankali, miyar nan da izinin kasuwa aka yi ta." Shi kuma ya ce, "Sannu da aiki, Hansai," ya cinye tas. Ban taɓa jin sun yi faɗa ba. Ban kuma taɓa ganin ta raka shi ƙofa idan zai koma daji ba.

Da aka ce Turawa sun tafi, ina 'yar ƙarama, na tuna Inna ta tare shi tun bai jingine keke ba. Ta ce to Malam, masu layi sun tafi, bana zan je. Ya ce, "Bature ya tafi, Hansai, amma bai tafi da dokar ba. Ga ta nan ya bar mana." Ta ce wa ya roƙe shi? Baba ya jingine kekensa ya shige. Aka sauya masu ofis, aka sauya hula, layin yana nan inda yake, kowane rani a share shi. Daga baya ma ba wanda zai tare ta in ta je, don an ɗauke Baba daga wurin an kai shi wani gandun. Amma ta ce ita ba za ta shiga wurin abinta tana waige-waige kamar ɓarauniya ba, kuma ba za ta ratsa ta ƙofar gidan yayanta ba a ce mata sannu da zuwa ba. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara tsayawa a gindin Gurguwa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka Baba mugu ne. Ya yarda da aikinsa har zuciya. Yakan ce Baturen da ya koya musu aiki ya gaya musu rairayi na tahowa daga arewa, in ba a tsare itace ba wata rana jikokinmu ba za su san inuwa ba. Dogonyaro da maɗacin da ke bakin wasu hanyoyin garin nan, yana cikin waɗanda suka raine su tun suna cikin kwando, ya bi su da ruwa a garwa. Ba a taɓa cewa ya karɓi ko kaza don ya kau da kai ba, kuma a aikin nan masu karɓa ba su da wuyar samu. Abu ɗaya na ji ya ce yana ci masa rai. Ya ce yakan karɓe wa tsohuwa damin itacen girki da safe, da yamma ya tsaya ya ɗaga wa motar 'yan katako hannu, ta fita da maɗaci manya-manya, don su suna da takarda. Ya ce, "Ita ba ta san inda ake samun takardar ba. Ni na sani, amma ba aikina ba ne in gaya mata." Ya faɗe shi ne kamar yana ba da labarin wani.

Bayan Inna ta rasu ya yi shekaru shi kaɗai a zaure. Abokan aikinsa sun watse, na ƙauye ba sa zuwa, na birni kuwa ba su san abin da ya yi a daji ba balle su yi masa hirarsa. Malamai 'yan'uwansa suna ganin ya ƙare rayuwarsa a gadin itace. Sai ya zauna yana kallon masu wucewa da kaya a ka, yana kiran sunan itacen da suka ɗauko. Wannan marke ne. Wannan kanya ce, ɗanya aka sare ta. Ba mai amsa masa. Idan na kai masa abinci yakan riƙe ni da magana don kada in koma ciki da wuri, ni kuma a lokacin ga yara ga girki, sai in ce Baba ina zuwa. Yanzu da nake zaune a gidan nan ina jiran wani ya yi sallama, na san nauyin wannan ina zuwan.

Nakan ce da zai leƙo yau, me zai ce? Rimayen da muka tashi muna gani sun yi wa birnin nan rumfa, yanzu sai ka yi tafiya kafin ka ga ɗaya. Buhunan gawayi jere a bakin titi kamar an tara hatsin zakka. Dazukan da ya yi ta kewayawa shi kaɗai a kan keke, wasu sun zama fili, wasu kuma an bar wa mutanen da ko sunansu ba ma son kamawa, ba manomi ba malamin daji, kowa tsoron shiga yake. Ina jin zai ce kun gani, abin da ake gudu ke nan. Amma Inna ma da za ta leƙo tana da abin cewa. Za ta ce dajin da aka hana masu shi, ranar da mai kaki ya juya baya wa zai tsaya masa? Ni kaina da nake wannan magana, da gawayi nake girki, iskar gas ta fi ƙarfina. Ban taɓa tambayar mai kawo mini daga wane itace aka yi shi ba.

Malam Idi ya dawo da hantsi. Tsoho ne kamar ni, dogo, ido ɗaya ya yi fari. Taubashina ne, da duniya ta tafi daidai da mun tashi muna tsokanar juna, amma ga mu da furfura muna gaisawa kamar baƙi a asibiti. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar ɗaki, na ajiye masa ruwa.

Ya ce, "Hajiya, an yi tunanin?"

Na ce, "An yi, Malam Idi. A bar ta."

Ya gyara zama ya yi mini bayani a tsanake. Hukuma ta saki wannan gefen gandun an raba wa mutanen gari su noma. Shi rabonsa ɗan kaɗan ne, kuma Gurguwa ta baje a kai, duk abin da ke ƙarƙashinta masara ba ta yi. Sauran biyun masu gawayi ne suka zo daga wani wuri da inji suka kwantar da su. Ya ce, "Baƙo ba ya tambaya. Mu ne muke tambaya. Ubana ya mutu bai yi wa uwarki magana ba, amma bai taɓa barin a ɗaga wa itacen nan gatari ba. Ya ce ta Hansai ce. Shi ya sa na biya mota na zo."

Na ce, "To ka ji da bakinka. Ta uwata ce. Ita kaɗai ta rage mini nata."

Ya ce, "Kin san ta? In na kai ki wurin na ce nuna, za ki nuna?"

Na ce, "Ai karkatacciya ce."

Ya ce, "Duk sun karkace yanzu, har ni." Ya dube ni da idon da ke gani, ya girgiza kai. "Ashe Malamin Daji bai mutu ba. Kaki kawai ya cire ya ɗaura zani. Ana zaune a birni cikin inuwa ana ce wa na ƙauye kada ya taɓa."

Dariya ta kuɓuce mini, shi ma ya yi. Wasan taubasai na farko ke nan da ya taɓa shiga tsakaninmu, kuma ya same ni inda ke ciwo. Don gaskiya ya faɗa. Ban san inuwarta ba, ban san yunwar gidansa ba, ga ni ina shata masa layi daga kan tabarma. Amma kuma in ce a sare, bakina ya ƙi. Sai na tambaye shi wa ke sauke ta yanzu. Ya ce 'yarsa Rabi, mijinta ya rasu ta dawo gida, da daddawar take ɗan rufa wa marayunta asiri. Na ce ta san ka zo? Ya ce, "Me ya haɗa ta da maganar? Ai ba tata ba ce."

Nan na farga. Ga mu mun sake zama ana yanke magana a kan ɗorawa, mai riƙe da gorar tana can cikin gida ba a kira ta ba. Na ce ya kira mini ita a wayarsa. Ya yi ta gunaguni yana lalube har ta shiga, ya miƙo mini.

Na ce, "Rabi, gwaggonki ce ta birni, 'yar Hansai."

Ina jin kukan awaki a bayanta. Can ta ce, "Gwaggo, dama kina raye? Tun ina yarinya ake cewa ta Hansai ce ta birni. Na ɗauka duk kun ƙare."

Na ce saura ni. Na ce ta saurara da kyau, ga ubanta nan shi ne shaida. Yadda kakata ta ba uwata, uwata ta bar mini, ni ma na ba ta. Daga yau Gurguwa tata ce. In ta ga a sare don gonar ubanta ta yi, a sare. In ta ga a bari, a bari. Ba sai an sake hawa mota an zo birni tambaya ba. Ta yi ta godiya tana sa mini albarka har wayar ta yanke.

Malam Idi ya karɓi wayarsa ya jefa aljihu. Ya ce, "Kin haɗa ni da wadda ta fi ki taurin kai. Amma 'yata ce, a gidana take ci, za mu gani." Ya miƙe ya kaɗe riga. Na ce ga ruwanka ba ka sha ba. Ya ce azumi yake. Wataƙila gaskiya ne. Na raka shi har zaure, na tsaya ina kallonsa har ya sha kwana, na dawo na zubar wa kaji ruwan.

Tun ranar nake auna Baba, ma'aunin ya ƙi tsayawa. Ba don layin da ya tsare ba, da Gurguwa ta daɗe da zama turmi ko toka, kamar duk na bayan gari da ba a kewaye ba. Wannan gaskiya ne. Kuma saboda layin nan ne matar da aka ba ita ta mutu tana sayen abinta a mudu, 'ya'yanta suka tashi ba su san dangin uwarsu ba. Wannan ma gaskiya ne. Ya bar inuwa a bakin hanya, masu babur suna hutawa a ciki ba su san sunansa ba. Ya bar shaidar cewa bai ci haram ba. Ya bar mini gida, da suna, da wannan hali na riƙe abu ƙam don kada ya lalace, ko da riƙon zai raba ka da mutane. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Inna, ya haɗa su inda ba mai tambayar mutum ko shi ɗan garin ne.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, yanzu ake sharar gona. In za a sare ta, cikin kwanakin nan ne. Ba wanda ya zo ya gaya mini komai. Lambar Rabi da na karɓa wurin ubanta tana cikin wayata, nakan ɗauko in duba, in mayar ƙarƙashin matashi. Raina yana so in ji, amma na san kaina, in na kira tambaya ba za ta tsaya a tambaya ba, sai na ce kada a taɓa. Don haka na bari. A karon nan dai, Baba, wani daga gidanmu ya bar mai abu da abinta.